Kafin ka sayi “ruwan nano” a TikTok

Shafa harshenka a kan haƙoranka da safe kafin ka wanke baki. Ka ji wannan santsin? Ba ragowar tuwon jiya ba ne kawai, gari ne guda na ƙwayoyin bakteriya da suka gina wa kansu katangar yauƙi suka shige ciki. A baki buroshi ya isa ya rushe shi. Amma idan irin garin nan ya kafu a gyambon mai ciwon suga, ko a jikin robar fitsarin da aka sa wa majinyaci, sai a yi ta ɗirka magani a banza. Maganin ba ya ratsa katangar da kyau, waɗanda ke can ciki kuma sun yi lamo kamar masu barci, alhali yawancin magungunan nan sun fi cin ƙwayar da ke hayayyafa.

Ga kuma bijirewa magani. A 2019 kaɗai, bakteriya masu bijirewa sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne kan gaba.

Shi ya sa masana suka koma kan fasahar nano, wato sarrafa abu ƙanƙani ƙwarai. Kaurin silin gashinka ɗaya ya kai nanomita kusan 80,000. Abu mai wannan ƙanƙanta yana iya kutsawa ta kafofin katangar. Ɓurɓushin azurfa yana huda fatar bakteriya ya dagula mata ciki, kuma an daɗe ana saka shi a bandejin ƙuna irin su Acticoat. Wata dabarar ita ce a ƙunshe tsohon magani cikin 'yan ƙananan kumfan kitse su kai shi har inda cutar ta ɓuya. Haka aka yi da amikacin a maganin shaƙa na Arikayce, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 don wani ciwon huhu mai taurin kai. Aiki ne na gaske, mun yaba.

To amma fa, yawancin sauran suna ɗakin gwaji tukuna. Su ma bakteriyar ba wawaye ba ne: a 2018 masu bincike a ƙasar Cek sun ga yadda wasu suka koyi dunƙule ɓurɓushin azurfar har ya daina cin su.

Nan ne 'yan kasuwar intanet ke shigowa da kwalba, wai “nano silba” mai maganin komai, daga taifot har sanyi. Tambayi yayyenka abin da ya faru a 2014 lokacin Ebola: an yi ta shelar Nano Silver a Najeriya, kwanaki kaɗan ma'aikatar lafiya ta ce bai cika sharuɗɗa ba. Wanda ya daɗe yana shan ruwan azurfa kuwa, fatarsa na iya rinewa ta koma shuɗi-shuɗi, kuma ba ta dawowa.

Mu ma fa da namu laifin. Mura ta kama ka, ka tsaya kemis ka sayi ampiclox guda huɗu, ka haɗiye biyu, ka ajiye sauran sai wani zazzaɓin. Wallahi mura ba ta san kana yi ba, don bairos ne ke kawo ta. Bakteriyar cikinka kawai ka ba horo kyauta, kuma su ne likita zai tarar ranar da aka kwantar da kai.