Kurumtar da ke farawa tun daga ciki

A Kalmalo, kamar sauran ƙauyukan Illela, idan yaro ya kai shekara biyu bai ce "inna" ba, sai a ce nauyin baki ne, ko a ɗora wa iska. Ba kasafai ake tunanin tun yana ciki abin ya same shi ba.

Akwai ƙwayar cuta mai suna saitomegalobairas, CMV a taƙaice, wadda masana suka fara warewa a 1956. Galibin manya a Afirka sun taɓa kamuwa da ita ba tare da sun sani ba. Tana yawo a yawu da fitsarin ƙananan yara. Mai ciki ta goge wa na goye majina, ko ta cinye ragowar abincinsa, sai ƙwayar ta bi ta mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Hukumar CDC ta Amurka ta ƙiyasta ana haihuwar jariri 1 cikin 200 da ita, kuma 1 cikin 5 daga cikinsu na samun lahani mai ɗorewa, musamman kurumta.

Kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke nuna alama ranar haihuwa: shawara, ƙaramin kai, kumburin hanta da saifa. Sauran sukan sha suna lafiya lau, jin wasu ya riƙa dusashewa daga baya.

Lokacin ganowa kuwa gajere ne. Sai an gwada fitsari ko yawun jariri cikin kwana 21 na farko ake tabbatar da cewa da ita aka haife shi, kuma maganin Valganciclovir na wata 6 da ake ba masu alamu, da wuri ake so a fara shi. Wannan wa'adi ya faɗo tsakiyar wankan jego, a jihar Sakkwato da mafi yawan mata ke haihuwa a gida. Allurar rigakafinta babu har yanzu.

Dabara ba ta ƙare ba. A Legas, Dakta Bolajoko Olusanya ta nuna ana iya gwada jin jarirai a wurin allurar BCG. Gwamnatin Sakkwato na iya yin haka a babban asibitin Illela, inda har matan Ƙonni da ke tsallaken iyaka za su amfana, a tura waɗanda ake shakka a kansu Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo.

Kafin nan, malaman awon ciki da ungozomomi su riƙa faɗa wa masu ciki ƙarara: a wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki, a daina haɗa cokali da shi, jariri mai shawara kuma a kai shi asibiti kafin ranar suna.