Ɗan yayata ya ce zai bi gardawa: abin da na gaya masa

1/ Makon jiya yayata ta kira ni daga Birnin Kudu hankalinta a tashe. Ɗanta mai shekara 16 ya ga masu wasa da kura a kasuwar Sara, can ƙasar Gwaram, ya dawo gida ya ce shi fa binsu zai yi. Ta ce, "Don Allah ka zo ka yi wa ɗan nan naka magana." Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/ Ban zage shi ba. Wasan yawo sana'a ce da ta girme ni ta girme shi: gardawa masu kura da maciji da biri, 'yan hoto masu cilla garma sama su cafe, 'yan dabo, 'yan gambara. Har wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi gardawanmu ya fitar da littafin hotunansu a 2007.

3/ Sai na tambaye shi, me kake ganin ake buƙata a shiga cikinsu? Ya ce, "Kawu, ai zuciya ce da magani." To nan kuskuren yake. Yawancinmu haka muke zato, don abin da muke gani a fili kenan. Mai zuciya da laya kaɗai shi ne na farkon komawa gida da rauni.

4/ Na farko haƙuri. Sabon shiga ba a ba shi sarƙar kura. Ɗaukar kaya zai yi, ɗebo ruwa, zuwa mahauta neman ƙashi da tarkacen nama, share kashin dabba. Sai ya daɗe a haka kafin ubangida ya yarda da shi. Yaron da ba ya iya jiran tuwo ya sauka, ina zai iya?

5/ Na biyu horon jiki. Garmar da ɗan hoto ke cafewa ƙarfe ce, in ta kuɓuce a ka za ta sauka. Ya maimaita abin nan ba adadi a bayan gari ba mai tafa masa. Haka abin yake ko'ina: Circus Baobab da aka kafa a Konakiri ta Gini a 1998, da Cirque du Soleil da 'yan wasan titi suka fara a Kanada a 1984, gwaji suke yi wa mai son shiga. Abin da jikinka ya iya shi ake dubawa.

6/ Na uku amana, kuma wallahi ita ce babba. Wanda ya ɗaura wa kura takunkumi, ran abokan tafiyarsa da na 'yan kallo duk suna hannunsa. Shi ya sa mai haɗiyar ƙwaya wai don ya samu ƙarfin hali bai dace da wannan aiki ba. Rana ɗaya zai manta ƙulli ɗaya, shi kenan.

7/ Na huɗu baki. Kuɗin daga aljihun jama'a suke fitowa, da kuma maganin da ake tallatawa bayan wasa. Sai ka iya tara mutane da kirari da barkwanci, ka san lokacin da taro ya fara gajiya. Sai kuma ladabi: ba a buɗe fili a garin mutane ba a gaida mai gari da sarkin kasuwa ba.

8/ Na biyar juriyar hanya. Yau kwana a tasha, gobe a rumfar kasuwa. Wata rana a tara kuɗi, wata rana ruwan sama ya kori kowa. Kuma kafin kasonka sai an cire na mota, na abincin dabbobi, na ubangida. Wanda bai iya ɗan abu kaɗan ba, rigima zai tayar a sati na biyu.

9/ Akwai inda ba na goyon bayansu, gaskiya. Ɗora ƙaramin yaro a bayan kura don a burge mutane ganganci ne. Barin dabba cikin rana da ƙishi zalunci ne. Sayar wa talaka garin da aka ce yana maganin cuta goma yaudara ce. Duk tawagar da ba ta da tausayi, kar ka ba ta ɗanka.

10/ Sai karatu. Yau bidiyon wasanka zai zaga duniya a waya, wani ya ci kuɗin kai ko sisi. In aka gayyace ka bikin al'adu aka miƙo takardar yarjejeniya, wa zai karanta maka?

11/ Ga yadda muka rabu: zai gama sakandare tukuna. Na saya masa ɗan rago, shi zai ci da shi, ya shayar da shi, ya share masa wuri har Babbar Sallah, ba tare da mahaifiyarsa ta tuna masa ko sau ɗaya ba. In ya iya da rago, sai mu zauna maganar kura.

12/ Jiya na kira na tambayi ragon. Yaya ta ce da asuba ya fita yankan ciyawa, amma shekaranjiya sai da ta tashe shi. Na ce a fara lissafi daga farko. Mutanen Birnin Kudu da Gwaram, wanda ya taɓa bin gardawa ko 'yan hoto ya faɗa mana me na manta.