Kafin Maigida Ya Sayo Injin Gudu Don Mai Juna Biyu



Kwanan baya wani magidanci ɗan Wagini da ke aiki a Katsina ya tare ni bayan an tashi daga awo. Matarsa na da cikin wata biyar, nauyinta ya ƙaru, an kuma ce ta riƙa motsa jiki. Shi ne yake shawarar ya sayo mata injin gudu, wannan mai shimfiɗar roba da ke juyawa mutum na tafiya a kai wuri ɗaya, ya aika da shi gida. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Wanda ya san Wagini da ƙauyukan Batsari da Safana da ke gefen dajin Rugu ya san irin wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa yankin, har mace ba ta yarda ta yi nisa da gari. Na yaba masa da kulawa, amma na ce ya riƙe kuɗinsa.

Maganar motsa jiki kam gaskiya ce. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai juna biyu da ba ta da wata matsala ta samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici. Wato minti 30 a rana, kwana biyar. Yana rage haɗarin ciwon suga na goyon ciki da hawan jini, yana hana ƙiba ta wuce kima, yana kuma sauƙaƙa ciwon baya da taurin bayan gida. Sai dai shawarar ba ta ce sai da inji ba, ba ta kuma ce gudu ba. Wadda ta saba gudu tun kafin ta samu ciki tana iya ci gaba da izinin likita. Ke da ba ki taɓa yi ba, ba yanzu ne lokacin farawa ba. Tafiya ta ishe ki.

To, me ya sa ban goyi bayan injin ba? Yana buƙatar wutar lantarki mai tsayawa, in babu sai janareta, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san abin da lita take ci. Idan ya lalace, mai gyara sai an nemo shi daga birni. Amma abin da ya fi damuna shi ne faɗuwa. Yayin da ciki ke girma nauyinki yana rinjayowa gaba, gaɓoɓi kuma suna sakin jiki saboda sinadaran da jiki ke fitarwa don shirin haihuwa. Ƙasa tana tsayawa idan kin tsaya, injin kuwa ba ya jiran kowa. Zani ko gefen hijabi ya shiga ciki, ko wuta ta ɗauke kina tsakiyar tafiya, sai dai Allah Ya kiyaye. Sannan ga yara. A 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye wani samfurin injinsa daga kasuwa bayan wani yaro ya rasa ransa, wasu da dama suka ji rauni. A gidajenmu da yara goma ke wasa a tsakar gida ɗaya, wa zai tsare su?

Tsakar gidan nan ita ce filinki. Ki share ta, a kawar da turmi da igiyar awaki da duk abin tuntuɓe, ki sa takalmi marar tsini, ki riƙa zagayawa. Idan minti 30 ya yi miki yawa, ki raba shi uku. In akwai kwanciyar hankali a unguwa, zuwa gidan maƙwabta ko makarantar Islamiyya da ƙafa tare da wata 'yar'uwa shi ma lissafi ne. Ma'auninki shi ne baki: in kina iya hira kina tafiya, kin yi daidai, in numfashi ya hana ki magana ki sassauta. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Katsina kan kai maki 40, don haka ki yi da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa. Lokacin hunturu ki guji ƙura in kina da asma.

Na san Inna za ta ce ai daka da surfe da jan guga sun wadatar. Ga mace da yawa a karkara haka ne, har ma aikin ya yi yawa, hutu da abinci take buƙata. Ɗaukar jarka cike da ruwa a ka da cikin wata takwas ba motsa jiki ba ne, wahala ce, a ɗauke mata.

Akwai waɗanda sai sun ji daga bakin likita tukuna: mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ƙarancin jini sosai, mai ɗauke da tagwaye, wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, da wadda hoton ciki ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare hanya. Kowace ce kuma, idan ta ga jini, ko ruwa na zuba, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko mara na murɗawa a kai a kai, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko motsin jariri ya ragu, ta tsaya nan take a kai ta asibiti. Kada a jira gari ya waye in da halin tafiya.

Maigida, kuɗin injin nan ka raba shi. Kashi ɗaya na zuwa awo, domin tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Kashi ɗaya na wake da ƙwai da zogale da hanta kaɗan, tare da gidan sauro. Sauran a ajiye na mota, a yi magana da direba tun yanzu, a san wanda zai ba da jini, domin naƙuda kan zo da tsakar dare, hanyar Batsari kuwa ba kowane dare ake bin ta ba. In da hali, watan haihuwa ya kama tana kusa da asibiti, wajen 'yan'uwa a Batsari ko Katsina.