Tsoron Birkin Gaba

Tazarar da babur kan ci daga lokacin da aka kama birki har ya tsaya cik, tsoro kan tsawaita ta sosai, kuma tsoron birkin gaba ne. Idan babur yana rage gudu, nauyinsa kan tattaru a tayar gaba, shi ya sa birkin gaba ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin ɗari na aikin tsayarwa. Amma mahayin da ya taɓa ganin tayar gaba ta cije ta kayar da mutum a kwalta, sai ya riƙa sassauta yatsunsa, ya jingina da birkin ƙafa, tayar baya tana ƙugi tana jan baƙin layi, babur kuwa bai fasa tafiya ba.

Wannan tsoro ne na'urar ABS ta zo ta cire, wato na'urar da ke hana taya cijewa, wadda kamfanin BMW na Jamus ya fara sanya wa babur a 1988. Akwai wani zobe mai haƙora a jikin taya wanda ake auna saurin juyawarta da shi, da zarar ta nemi cijewa sai na'urar ta saki birkin ta sake kamawa sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya, har mahayi ya ji hannun birkin yana karkarwa a yatsunsa. Saboda haka yana iya matse shi iya ƙarfinsa ko da a jiƙaƙƙiyar kwalta, tazarar ta ragu. A kan yashi ko tsakuwa kuwa takan iya ƙaruwa, domin tayar da ta cije takan tara ƙasa a gabanta ta tokare, sai dai babur mai na'urar ya fi yiwuwa ya tsaya da mahayinsa a kai.

Tarayyar Turai ta wajabta na'urar ga sababbin baburan da injinsu ya haura si-si 125 tun 2016, Indiya ma ta bi sahu daga 2018. Abin takaici, yawancin baburan da 'yan acaɓa ke hawa ƙanana ne da dokar ba ta shafa ba, don haka tsoron nan yana nan daram, har ana koya wa sabon mahayi cewa kada ya kuskura ya taɓa birkin gaba, alhali idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar birki ninkawa take yi sau huɗu, kuma birkin ƙafa kaɗai ba ya iya cike wannan giɓi, balle a kan tayar da ta suɗe.