Hale Woodruff da Shagunan Paris: Ƙauna Ba Ta Wanke Ciniki

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a rubuce-rubucen tarihin fasaha, har ɗalibanmu sun haddace ta: wai masu tara sassaƙe-sassaƙen Afirka a ƙasashen Yamma su ne suka cece su daga gara da mantuwa. In an nemi hujja, sai a kawo irin su Hale Woodruff, baƙar fatar Amurka, mai zane kuma malami, wanda ya zauna a Faransa daga 1927 zuwa 1931. A can ya fara sayen sassaƙen Afirka, kafin ya koma gida ya kama koyarwa a Jami'ar Atlanta.

Ba na shakkar ƙaunarsa. Mutum ne daga zuriyar waɗanda aka raba da nahiyarsu, yana neman fuskar kakanninsa a jikin itace. Duk wanda ya dubi zanen bango shida da ya yi wa ɗakin karatun jami'ar a farkon shekarun 1950 zai ga cewa abin da ya saya bai kwanta a kabad ba, ya shiga hannunsa.

To amma daga ina kayan suka fito kafin su isa shago? Paris ta wancan zamani cibiyar daular mulkin mallaka ce, sojoji da jami'ai da ƴan mishan ke cika mata rumbu. A 1931 ɗin nan ayarin Marcel Griaule ya tashi don ratsa nahiyar daga Dakar zuwa Jibuti, ya koma da dubban kayayyaki. Wasu an ɗauke su ba da yardar masu su ba, kuma sakataren ayarin, Michel Leiris, shi ya rubuta hakan da alƙalaminsa. Mai saye kuwa, komai tsarkin zuciyarsa, kuɗinsa ne ke ce wa dillali ya ƙaro.

Mu a Nijar ba labari aka ba mu ba. Bayan an baje tukwane da mutum-mutumin yumɓu na Bura a Paris a 1993, masu tarawa suka kwance bakin jaka, aka auka wa tsofaffin maƙabartun yankin Tera da haƙa, har a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. Tukunyar da aka tono babu masani a wurin ta zama bebiya: ba ta faɗin shekarunta, ba ta faɗin wanda aka binne tare da ita. Ita ce ake so ɗalibanmu su rubuta cewa an cece ta.