Wayar da ke gyara wa ɗalibi Turanci ba za ta bi shi ɗakin JAMB ba

Daga Sabon Tasha zuwa Kakuri da Barnawa, masu shirin JAMB sun mayar da bitarsu cikin waya. Wannan ba laifi ba ne, domin tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗalibi ya sakar wa Grammarly ko ChatGPT aikin tsinto kurakurai. Ya rubuta "an university", layi ya fito a ƙasa, ya dangwala, ya wuce bai tambayi dalili ba. Ranar jarrabawa kuwa a bakin ƙofa zai rabu da wayar, ga tambayoyin Turanci 60 cikin 180, duka a awa biyu.

Dalilin a kunne yake. Da sautin "y" ake fara furta "university", shi ya sa take ɗaukar "a". A "hour" da "honest" kuwa ba a furta "h", sai su ɗauki "an".

Mai jin Hausa ma yana da abin dogaro a bakinsa. Wanda ya ce "na sayi mota", sannan ya ce "motar ta lalace", ya riga ya san aikin "the": abin da aka ambata, kowa ya san shi. A wajen "a" Hausa ke kayar da shi. "Shi malami ne" sai ta koma "He is teacher", alhali dole a sa "a". Haka kuma Bahaushe na ƙirga shawarwari, Bature ba ya cewa "an advice", sai dai "a piece of advice".

Don haka ya fi wa ɗalibi ya kashe gyaran kai-tsaye lokacin bita, ya fara nemo kuskuren da kansa, sannan ya nemi manhaja ta duba. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo kyauta ne a intanet. Yana furta kalma, yana kuma nuna wadda ake ƙirgawa.

Akwai ma inda manhajar kan yi gum. "Go to school" na mai zuwa karatu ne, "go to the school" na uban da ya je ganin shugaban makaranta. Duka biyun daidai ne, da wuya layi ya fito, amma ɗaya kaɗai ya dace da jimlar da aka tambaya.