Tarihi a Bayan Faranti: Hatimin Kamfanin Minton

A darasin tarihi an saba nuna mana littafi da takarda a matsayin hujja, amma yau faranti za mu kifa mu karanta bayansa.

Garin Stoke-on-Trent da ke Ingila ya yi suna wajen sarrafa yumɓu. A can ne Thomas Minton ya kafa masana'antarsa a 1793. Da ya rasu a 1836 ɗansa Herbert ya gaje shi, shekara ɗaya kafin Sarauniya Biktoriya ta hau mulki. A hannun Herbert kamfanin ya bunƙasa. Ya ɗauko wani gwani Bafaranshe, Léon Arnoux, suka fito da kayan yumɓu masu ƙyalli da launi mai ɗaukar ido, waɗanda ake kira majolika, suka baje su a babban bikin baje koli na Landan a 1851. Tayil ɗinsu ma har a ginin majalisar dokokin Amurka aka shimfiɗa shi.

To, ta yaya za mu san shekarun farantin Minton? Daga 1842 kamfanin ya riƙa danna 'yar alama a jikin yumɓu kafin a gasa shi, kowace shekara da tata. Sunan ma shaida ne: wajen 1873 aka ƙara harafin S, MINTON ya koma MINTONS. Wanda ya fi burge mu shi ne kalmar ENGLAND. Amurka ce ta yi dokar haraji a 1890, ta ce duk kayan da za a shigo mata da su sai an rubuta ƙasar da aka yi su. Saboda haka idan muka ga ENGLAND, galibi farantin bai girmi 1891 ba. Dubi yadda dokar wata ƙasa ta bar sawunta a kan kwanon cin abinci!

Sai dai a yi hattara da alama mai siffar lu'ulu'u, wadda aka yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883. Ranar da aka yi wa zanen rajista take nunawa, ba ranar da aka gasa farantin ba, kuma ana iya shekaru ana buga zane guda. Akwai kuma 'yan damfara masu kwaikwayon hatimi don su sayar da sabo a farashin tsoho. Shi ya sa masana ke haɗawa da duba nauyin farantin, launinsa da irin ƙyallinsa kafin su yanke hukunci.